Ruwa a Tankin Loda

Yaya Kamaruddeen,

Na tafi Ɗanbatta neman sabuwar filta ta tace man loda, ban jira ka ba, ka yi haƙuri.

Tun jiya da muka cike tsohuwar rijiyar Kaka da ƙasa, lodar nan, motarmu ta kwasar ƙasa, take tari da farin hayaƙi, sai ta mutu. Na kwance filta, ruwa ne a ciki. Na tsiyaye, na zuba sabon dizal, ta tashi, ta sake mutuwa. Ruwa dai. Makullin tankin kuwa yana aljihuna.

Ruwan ja ne mai warin kanwa, irin na rijiyar nan. Ka san ta ƙafe tun muna yara.

Kada ka tayar da lodar. Kwalbar da na tara ruwan tana gindin rumbu, a hana yara taɓawa. Da na ajiye ta ruwan rabi ne. Da na dawo daga masallaci, na tarar ta cika.

Ja'afaru