Bulalar Hedimasta da Famfon Unguwa

Tsafe, Laraba da dare, 1998

Sati uku ina fama da tambayoyin gwaji na jarrabawar ƙarin girma da za mu rubuta a Gusau, irin waɗanda ake cewa abu kaza ne ya jawo kaza, nemo abin da zai karya zancen. Kullum ba na ci.

Yau a taron malamai Hedimasta ya ce tun da ya fara zane masu makara yara ke zuwa da wuri, don haka zai ƙara bulala. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, wane sati aka gyara famfon unguwa?"

Satin da ya ɗauko bulalar ne. Da can sai yaran sun je rafi ɗibar ruwa kafin su taho.

Ya harare ni, ya ce, "To, Malama Hassu, mu ajiye ta sati biyu mu gani."

Ɗazu na gwada tambaya biyar, na ci huɗu. Allah Ya sa kada famfon nan ya sake lalacewa.