Hotuna Biyu na Ƙirjin Iya

Gagarawa,
Ranar Laraba.

Yaya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Safiya da yara. Yaya aiki, yaya kuma zaman Fatakwal?

Yau na kai Iya asibiti a Gumel aka sake yi mata hoton ƙirji. Likita ya jera shi da na bara waccan a gaban fitila, ya kira ni in duba. Yaya, ni da ba aikina ba sai da na ga bambanci. Tantanin da ke ƙarƙashin huhu, a tsohon hoton yana nan kamar ƙwarya a kife, a na yau ya baje kamar faifai. Ya ce iska ce ke shiga ta kasa fita, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a kare saura.

Ya tambaya ko tana shaƙar maganinta, ko ta rabu da hayaƙi. Na riga ta amsawa, na ce ƙwarai, kai ne ma ke aiko da shi duk wata, kuma tuni muka hana ta dafa kalwa. Iya dai ta sunkuyar da kai.

Sai a mota ta gaya mini. Ashe tun damina duk maganin da ka aiko Inna Sabuwa take kai wa, ƙawar nan tata da suka shekara talatin suna daddawa tare. Wai tarin Sabuwa ya fi nata, kuma ita ba ta da ɗa a birni. Da Sabuwa ta kasa tsayuwa gaban murhu, Iya ce ke zuwa ta iza mata wuta, ni ina can makaranta ina koyarwa.

Na kasa yi mata faɗa. Gida ɗaya muke, kullum ina jin hakinta, ina cewa tsufa ne.

Ta rantse ba za ta ƙara shaƙa ba sai an duba Sabuwa. Jibi zan kai ta a yi mata nata hoton. Daga yanzu ka riƙa aiko da na mutum biyu.

Iya na gaishe ka, ta ce kada ka yi fushi da ita. Sau uku ta tsaya jan numfashi kafin ta ƙarasa faɗar hakan.

Ƙanwarka,
Rahamatu.