Takardar da Bakina Ya Tona

Zuwa gare ka, hasken idona, sanyin safiyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ɗan mai rumfar littattafai na bakin tasha, wanda ko sunansa aka ambata sai na sunkuyar da kai.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar nan ta bayan rumfarku, da fatan kana lafiya, kai da Babanku da duk mutanen gida. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara. Uku na yayyaga, domin duk kalmomin da na sa a ciki daga littattafan Babanku na aro su, kuma na san za ka gane inda na ɗebo kowace. Wannan karon da bakina zan yi maka magana, ko da ba ta yi daɗi ba.

Yau kwana tara rabona da bi ta gaban rumfarku. In an aike ni sai in zagaya ta layin masu gyaran keke, in sha rana, don kada mu haɗa ido. Na ji labari ranar Asabar za ka tafi makarantar kwana. Na kuma ji cewa samarin layi suna rera maka kalmomin da ka rubuto mini duk lokacin da ka wuce, har ka daina zama a kan bencin waje. Na san abin da kake zato. Kana zaton ni na ɗauki takardarka na karanta wa mutane don a yi maka dariya. Wayyo Allah! Ni? Ta yaya tsiro zai yi wa ruwan sama dariya? Ba zan iya barinka ka hau mota da wannan zato a ranka ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, in ya so ka yanke mini hukunci.

A gidanmu takarda ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun ina aji huɗu ni ce mai karatun gida. Takardar asibiti, rubutun jikin kwalbar magani, saƙon da ya shigo wayar Mama, sakamakon jarrabawar ƙannena, duk ni ake miƙa wa, a zauna a kewaye ni, in ɗaga murya kowa ya ji. Haka kuma aka koya mana a firamare. Malam ya faɗa, mu sittin mu maimaita har kwanon rufi ya amsa, wanda ya fi ƙarfin murya shi ne gwani. Ni da ba na iya gaida baƙo sai a bayan ƙofa, har kyautar fensir na ci saboda ƙarfin karatu. Ba wanda ya taɓa gaya mini ana iya karatu ba da baki ba. Wallahi in na ga mutum a mota ya buɗe jarida bakinsa a rufe, ɗauka nake hotuna yake kallo.

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare ni a rumfarku? Kuna ta jan leda kuna rufe littattafai, ni kuma na raɓe a gefe, na ɗauki wani mai yagaggen bango ina bi da yatsa ina gunguni. Ka juyo ka ce, “Ke da wa kike faɗa?” Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba ka yi dariya ba. Ka ɗebo ruwa a kofin Babanku ka ce, “Kurɓa. Kada ki haɗiye, kada ki zubar. To, yanzu karanta.”

Da farko ba abin da ya shiga. Kalmomin suka tsaya cirko-cirko kamar awaki a bakin ƙofar da aka kulle. Can sai ɗaya ta sami hanya ta ido, ta biyu ta biyo ta, sai ga su suna kwarara cikin kaina ba ƙara ba motsi, kamar yadda raɓa ke sauka ba wanda ya ji saukarta. Na gama shafi guda cur! Murna ta sa na manta da ruwan, na shaƙe, na yi ta tari, Babanku yana cewa, “Kai, ku yaran nan, kada ku jiƙa mini kaya!”

Ya sanyin idona, ka san abin da ka ba ni ran nan? Gidanmu ɗaki biyu ne, mu tara. Ban taɓa samun wurin da yake nawa ni kaɗai ba. Kai ka buɗe mini ɗaki a cikin kaina, ɗakin da ba mai leƙowa, ba mai cewa matsa in zauna. Ina wanke-wanke ina ciki, ana hayaniya ina ciki. Wane ne ya taɓa yi wa wani kyautar ɗaki da kofin ruwa ɗaya? Da me zan gode maka? In na ce na gode sau adadin ɗigon ruwan da ya zuba ran nan, ban biya rabin shafi ba.

To ga yadda abin ya faru. Ranar da ka ba ni littafi mai shuɗin bango, ban san ka sa wani abu a ciki ba. Na iso gida da la'asar, Mama tana guga, Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalmi, Kaka tana kan tabarmarta tana jirana, domin kullum nakan karanta mata labari. Ina buɗewa sai takarda ta faɗo. Kaka ta ce, “Ta makaranta ce? Karanta mana mu ji.” Ni kuwa a gaban Kaka bakina ba ya jiran izinina, shekara biyar ya saba. Na ɗaga murya kamar a aji. Layi uku na karanta kafin kunnena ya gaya wa zuciyata abin da bakina yake faɗa.

Yaya ya saki takalmi ya kwanta a ƙasa yana dariya. Mama ta ajiye dutsen guga ta ce, “Iye! Yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ba! Karatun ke nan da ake zuwa ara kullum?” Kaka kuwa ta matso kusa da ni. Hannu kawai ta miƙo ta karɓi takardar, ta ninke, ta ƙulle a bakin zaninta. Yaya ne ya fita da layukan nan uku, ba ni ba. Ni ko ƙarshen takardar ban gani ba. Kwana bakwai ina kuka a ɓoye, rabi don kunya, rabi don ban san me ka ce a ƙasa ba.

Shekaranjiya Kaka ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta jawo wani tsohon gwangwani da take ajiye maɓallai, ta zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Ta ce a zamaninsu akwai wani mutum mai tebur da kwalbar tawada a ƙofar gidan waya. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu wadda ta zo, da ƙarfi, duk wanda ke kan layi yana ji. Kakanmu marigayi yana aikin jirgin ƙasa a nesa, shi ma can wani yake faɗa wa ya rubuta. Saboda haka duk wasiƙunsa iri ɗaya ne: ina lafiya, a gaida yara, a gyara rufin ɗaki kafin damina. Wa zai faɗi abin da ke ransa ta bakin mutum biyu da kunnen mutum ashirin?

Sai wata rana wasiƙa ta zo, a ƙasanta akwai layi biyu da wani rubutu dabam, karkatacce kamar tonon kaza. Ashe Kakanmu ya koyi riƙe alƙalami da kansa. Mai teburin ya kai wurin, ya yi murmushi, ya dubi mutanen layi, ya gyara murya. Kaka ta fizge takardarta ta gudu gida. Fiye da shekara arba'in ke nan, ba ta sake ba kowa ba. Sai ta miƙo mini ita ta ce, “Ke ma ban yarda da ke ba, bakinki kamar rediyo. Amma kwanan nan ina ganinki kina bin littafi baki a rufe. Duba da ido tukuna. In abin kunya ne, ki yi shiru. In ba na kunya ba ne, ki faɗa mini a kunne.”

Na duba da ido, yadda ka koya mini. Layi biyu ne, da kuskure har uku a ciki. Ba zan gaya maka abin da ya rubuta ba, domin nata ne. Na dai sunkuya na raɗa mata. Ta shafa takardar, sannan ta ce, “Ja'iri. Ashe ya iya magana.” Ta sa na maimaita mata sau uku, tana share ido da bakin mayafi tana cewa hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Daga nan ta kwance bakin zaninta ta ce, “Ungo taki. Kada ki bari ta tsufa a gwangwani.”

Ka ga abin da ka yi, ya tauraron asubahina? Ba ni kaɗai ka yi wa alheri ba. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana jiran layi biyu, ta hannunka suka iso mata, kai kuwa kana can kana jin haushina! Ina ma ka ga fuskarta! Kamar busasshiyar ƙasa da ta sami ruwan farko.

Na karanta takardarka har ƙarshe a bayan tankin ruwa, ba wanda ya ji ko harafi ɗaya. Ka tambaye ni ko zan riƙa rubuto maka in ka tafi. Zan rubuto. Mama ta ce mu yara ne, kowa ya kama littafinsa tukuna, kuma gaskiyarta ne. Zan kama nawa da hannu biyu, don kada ka dawo hutu ka tarar da ni inda ka bar ni. Yaya kuma kada ya dame ka. Kaka ta ce in ya sake rera maganarka a layi, za ta fita da kanta ta gaya wa abokansa shekarunsa nawa kafin ya daina fitsarin kwance. Tun jiya bakinsa ya mutu.

Abu ɗaya nake roƙo: ka yafe wa bakina, kada ka tafi da fushina. Ban iya kawo maka wannan da kaina ba, ƙafafuna ba za su kai ni ba. Kaka ce za ta kawo, domin ita ba za ta iya buɗewa ta karanta a hanya ba. In kana karanta wannan layin, to tana nan tsaye a gabanka, kuma ta rantse ba za ta motsa ba sai ka ba ta amsa a rubuce. Don Allah ka ba ta kujera, gwiwarta na ciwo. Kada kuma ka daɗe, ni ma ina tsaye a bayan ƙofarmu.

Ni ce taka, yau da ranar Asabar da duk ranakun da za su biyo baya, mai riƙe maka alkawari har ka dawo, har bayan ka dawo.