Sun Ce Inna Ba Ta Sake Faɗuwa Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma taɓa rubuta wa jarida ba. In kin ga maganata tana gaba tana baya ki yi haƙuri, haka zuciyata take tun da Inna ta rasu.

Mahaifiyata tela ce, da keken ɗinki ta raine mu ni da yayana. Da ƙafafunta suka yi rauni ba ta iya hawa benen da nake haya, ni kuma ina aiki a gidan wanki da guga, in na fita da safe sai yamma. Ita da bakinta ta ce a kai ta gidan kula da tsofaffi, wai ta gaji da hira da bango. Sharaɗinta ɗaya, kekenta ya bi ta.

Ɗakin da aka ba ta ƙarami ne. Gado, kujera, sai keken a bakin taga da buhun ƙyallaye a ƙarƙashinsa. Idonta ya daina ganin ramin allura, sai ta kira ma'aikaciya ta zura mata zare. Ɗinkin ma gaskiya ya fara karkacewa. Amma duk wanda maɓallinsa ya fita ko aljihunsa ya yage a gidan nan, ƙofarta yake ƙwanƙwasawa. Tana ɗinki tana yi musu tsiya. Ta taɓa ce wa mai gadi wandonsa ya girme ta, shi ya kamata a ba wa ɗaki. In na je ziyara sai na jira layi kafin in gaisa da uwata.

Ana haka sai masu bincike suka zo daga jami'a, suna son gano abin da ke sa tsofaffi faɗuwa a ɗakunansu. Shugabarsu mace ce mai kirki, ba zan ɗauki alhakinta ba. Inna ta sa mata suna Tambayau, wai ko lokacin da ake neman aurenta ba a bincike ta haka ba. Sun auna faɗin ƙofofi da tsayin gado da hasken fitila. Dalilinsu mai ƙarfi ne, don matar da ke ɗakin kusa da na Inna ta faɗi ta karye a ƙugu, har yau ba ta taka ba. Inna ma ta taɓa faɗuwa, ƙafar keken ce ta harɗe ta a hanyar banɗaki, ta fasa goshi.

Da suka gama aune-aunensu aka kafa ƙarafan dafawa a bango, aka ƙara fitilu, aka ce a kwashe duk abin da ke tare hanya. Keken Inna yana ciki. Tambayau ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, na ga gaskiya ce, na nemo mota. Na ɗauka Inna za ta yi rigima, har na shirya lallashi. Ba ta yi ba. Tana zaune bakin gado tana kallo ana ɗaga shi, abin da ta ce kawai: "Ki riƙa ɗiga masa mai."

Ɗakin ya yi fes, Anti, kamar na asibiti. Kuma ba ta sake faɗuwa ba, wannan gaskiya ne. To amma ina za ta je da za ta faɗi? Babu mai ƙwanƙwasa ƙofa kuma. Mai gadi yakan leƙo ya gaishe ta, amma gaisuwa ba ta ɗaukar lokaci kamar ɗinkin aljihu. Daga zaman kujera ta koma kwanciya. In na je sai in tarar tana murza bakin zanen gado da yatsu, tana ninke shi kamar za ta sa a ƙarƙashin allura. Na yi mata maganar dawo da keken, ta ce in bar mutane da dokarsu, ita baƙuwa ce. Abinci ma ya zama sai an matsa mata. Likita ya ce zuciya ce da shekaru. Ban ce wani ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Ni dai na san abin da idona ya gani.

Yanzu an gama binciken. Za su yi taro su nuna sakamakon ga masu tallafa wa irin waɗannan gidaje da shugabannin wasu gidajen, in an amince a yaɗa tsarin ko'ina. Tambayau ta zo mini ta'aziyya har gida, ta hau benen nan tana haki, ta yi hawaye tare da ni. Sai ta roƙe ni in yi magana a taron a madadin iyalai, tunda Inna tana cikin waɗanda ba su sake faɗuwa ba. Keken yana bayanta lulluɓe da zane, ba ta gane shi ba, ni kuma na ce mata zan yi shawara.

Yayana ya ce in je in yi godiya in zauna, ko in ce ba ni da lafiya. Ya ce in na buɗe baki na ɓata musu aiki, tallafin ya tsaya, alhakin duk tsohuwar da ta karye a gaba yana wuyana. Ya ce mai guga ba ta gyara wa masu digiri magana. Wataƙila ya fi ni gaskiya. Amma in na yi shiru, gobe za a shiga ɗakin wata tsohuwa a ɗauke abin da ke tayar da ita da safe, 'yarta ce ma za ta nemo motar. Ba na son in tozarta matar da ta yi kuka da ni, ba na kuma iya tsayawa in ce komai ya yi daidai. In je ko kada in je? In na je me zan ce?

Taki,
Mai guga da ta rasa uwa

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba ku haƙurin rashinta. Ki fara sauke wannan nauyin: kin ɗauke keken ne bayan kin ga jini a goshin mahaifiyarki, bisa shawarar waɗanda suka san aikinsu. Kowace 'ya mai tausayi abin da za ta yi ke nan.

Yayanki yana da gaskiya a wuri ɗaya. Karaya a jikin tsoho ba ƙaramin abu ba ce, ƙarafan dafawa da fitilun nan kuwa alheri ne da bai kamata a rasa ba. Inda ban bi shi ba shi ne zaton cewa maganarki ɓarna ce. Mai bincike yana samun amsar abin da ya tambaya ne kawai. Sun tambayi sau nawa aka faɗi, ba wanda ya tambayi sau nawa aka tashi. Wannan amsar tana wurinki, kuma mai bincike na gaskiya zai fi son ya ji ta kafin tsarin ya yaɗu.

Sai dai kada Tambayau ta fara jin labarin a gaban jama'a. Ki neme ta tun kafin ranar taro, ku zauna ku biyu, ki gaya mata yadda kika gaya mini, har da murza zanen gadon. Ki ce za ki yi magana in za ki faɗi duka biyun: Inna ta daina faɗuwa, kuma ta daina tashi. Ki haɗa da roƙo ɗaya mai sauƙi, cewa kafin a fitar da wani abu daga ɗakin tsoho a tambaye shi, a duba ko za a iya matsar da shi gefe ko a kai shi falon gidan. Wannan gyara ne, ba rushe aiki ba.

In ta yarda, ki je, yayanki ya raka ki ya zauna kusa da ke. Kada yawan masu digiri ya tsorata ki, yadda kika rubuto mini ya isa. In kuka ya ci ƙarfinki ki tsaya ki numfasa, za su jira. In kuwa ta ce godiya kaɗai ake so, ki ba ta haƙuri cikin mutunci ki zauna a gida, kin riga kin isar da saƙon ga mai aikin. Amma matar da ta hau bene ta zo ta'aziyya, ina kyautata zaton za ta saurare ki.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya sa maganarki ta amfani iyayen wasu.