Haƙorin Sauda da Kwanon Sallah

Wunti, Bauchi, 4 ga Maris, 1996

Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da maigidan da yara da aikin asibiti.

Ni kam ba lafiya. Da za ki shigo yanzu, sai kin wuce ni kina tambayar ina Sauda. Ranar Alhamis ƙawata Dorcas ta asibitin haƙori ta cire min turmin haƙorin nan da ya hana ni tauna. Ranar Asabar fuskata ta kumbura suntum, leɓɓa suka juye, ƙuraje ruɗu-ruɗu daga goshi har wuya. Inda na sosa ya fashe yana ruwa, ƙudaje na bina har ɗaki. Bakina wari yake. Ƙyamar kaina nake ji, har na juya madubi ya kalli bango.

Maigidana Baban Mansir ya kai ƙara a rubuce, an dakatar da Dorcas. Ranar sha takwas ga wata shugabannin asibitin za su zauna, ko a mayar da ita ko a kore ta. Ban hana shi ba. Shekara ashirin muna tare da Dorcas. Kwanon da na kai mata abincin Sallah yana gidanta, don ba ta taɓa dawo min da shi wayam ba, sai Ista ko Kirsimeti ta ciko shi da shinkafa da kaza. Ashe hannun nan ne zai lalata min fuska. Tir!

Ki gaida kowa. Ƙanwarki,
Sauda

Azare, 7 ga Maris

Sauda,

Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Amma mamakinku ya kama ni: mace ta rasa aikinta, alhali ba wanda ya tsaya ya bincika?

Shekarata goma sha bakwai ina jinya. Fuska takan tashi bayan cire haƙori ta hanya fiye da ɗaya. In gurbin ne ya yi mugunya, gefe guda ke kumbura, da zazzaɓi. In allurar kashe zafi ce ko safar hannun roba, yawanci tun kina kan kujerar za ki fara gani. Ke kuwa sai bayan kwana biyu, kuma har wuya. Wannan borin jini ne, wani abu kika sha da jikinki ba ya so. Kin manta allurar fanisilin da aka yi miki muna yara, kika koma kamar kwaɗo?

Ki rubuto min duk abin da ya shiga bakinki tun Alhamis. Duk na ce. In kika ji maƙogwaro na shaƙewa, ki tafi asibiti nan take, kada ki jira kowa.

Yayarki,
Zinariya

Bauchi, 10 ga Maris

Ƙawata Sauda,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Na zo gidanki sau biyu, maigidanki ya tsayar da ni a zaure, shi ya sa na rubuto.

Kafin in taɓa bakinki na tambaye ki maganin da jikinki ba ya karɓa. Kika ce fanisilin. Na rubuta a katinki da jan biro, na ba ki wani daban, wanda kika sha bara lafiya lau. Allurar kashe zafin da safar hannun duk irin na bara ne.

A kasuwar Wunti yanzu ana cewa da ƙazamin ƙarfe na yi miki aiki. Mai tumatir ya ajiye min canjina a tire, wai kada ya taɓa hannuna. Yarana uku, kin san ubansu ba ya raye. Ba roƙonki nake ba. Gaskiya kawai za ki faɗa, in kin san ta.

Allah ya warkar da ke.
Dorcas Istifanus

Wunti, 13 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta yi kwana huɗu a ƙarƙashin filo, na kasa amsawa.

Ranar Juma'a, washegarin cire haƙorin, Innar Baban Mansir ta zo dubiya daga Tirwun. Ta dubi maganin Dorcas ta taɓe baki, wai wannan ba ya aiki. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ƙulli da ya yi baƙi don dauɗa. Kafso ne, ja da baƙi, ragowar na jinyar marigayi mijinta, shekara uku ke nan. Har sun manne da juna, ga warin goro da gumi. Ta fasa ɗaya, ta lakato garin da yatsan da ta gama share hanci da shi, ta cusa min a ramin haƙorin. Ta miƙo biyu ta ce in sha. Yaya, na gane su. Na san dangin fanisilin ne. Amma surukata ce, ta taso musamman, ga mata cike da ɗaki. Da wane baki zan ce a'a? Na sha, har na yi godiya.

Da fuskar ta tashi Baban Mansir ya ce Dorcas ce, sai na yi shiru, don ambaton sunanta ya fi min sauƙi a kan na mahaifiyarsa. Kumburin ya sauka yanzu, fatar na ɓarewa. Amma ƙyamar da nake ji ta bar fuska ta koma ciki.

Jiya na gaya masa gaskiya. Bai ci abincina ba. Inna ta bar min sauran ƙullin. Ranar sha takwas zan kai shi asibitin da kaina, in ajiye a kan teburinsu, in faɗi komai a gaban Dorcas.

Ki yi min addu'a. Ƙanwarki,
Sauda

Bauchi, 20 ga Maris

Malama Sauda,

Gaisuwa. An mayar da ni aiki, na gode da zuwanki.

Kwana goma sha huɗu na yi ina zargin hannuna, ina wanke shi har ya tsage, ke kuwa kin sani tun ranar farko.

Ga kati na rubuta miki, ki riƙa nuna wa duk wanda zai ba ki magani, ko likita ne ko tsohuwa. In za a sake duba bakinki, ki nemi Malam Elisha a ɗaki na biyu.

Ga kuma kwanonki. Kada ki jira Ista. Na wanke shi tas.

Ki huta lafiya.
Dorcas Istifanus