Muryar Inna a Wayar Ɗan Acaɓa

Assalamu alaikum Yaya Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya zaman Fatakwal, ya ruwa? Mu nan Azare lafiya lau, sai ɓacin ran da ya sa na rubuto.

Kin san kaset ɗin marigayiya Inna, wanda take waƙar daka tana kiran sunayenmu. Da ya fara cin zare, na kai wa Habu ɗan Kawu Sale a shagonsa na bakin tasha ya mayar mana da shi faifan sidi. Na ce amana ce, ya ce, "Haba Yaya, ai Gwaggona ce."

Jiya na hau acaɓa zuwa kasuwa, sai wayar mai mashin ta yi ƙara. Yaya, muryar Inna ce, an ɗora mata kiɗan fiyano. Ya ce a shagon Habu ake tura wa samari, har Jama'are ta kai.

Na je na sami Habu. Ko kunya babu, wai raya sunanta ya yi. Na sa ya kunna, na saurara har ƙarshe. Inda take cewa Asabe, take cewa Hauwa, duk ya yanke, wai bai shiga da kiɗan ba. Kaset ɗin kuma wai ya tsinke, ya yar, sidin ma bai yi mana ba.

Ki yi wa Kawu waya, don ni in na buɗe baki zumunci zai ɓaci. Ki gaida su Alhaji, ki sa Inna a addu'a, mu ma ki sa mu. Yau kowa a gari yana da muryarta, mu da ta haifa ne kawai ta daina kira.

Ƙanwarki,
Hauwa