Fankar Mutumin Kano

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hansatu mai suyar kifi a bakin gadar Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da mahaifiya, ina fatan Allah Ya sa kina kyakkyawan makwanci. Ni ne Habu, ɗanki na fari. Na faɗi sunan da kaina ne don na san ke ba za ki faɗa ba.

Na san ba a yi wa uwa faɗa, balle wadda ta riga mu gidan gaskiya. Masu karanta wannan takarda su yi mini uzuri, in sun ga dama. Amma Inna, raina a ɓace yake, kuma da ke nake.

Wata uku ke nan idanuna suka saka ni a gaba. In na tashi da safe sai in ga fatar idona ta kumbura suntum kamar zuma ta harbe ni, cikin idon kamar an watsa yashi, hawaye na zuba ba gaira ba dalili. Har matata ta ce, "Malam, wa ya rasu ba ka gaya mana ba?" Da abin ya ishe ni na tafi asibitin ido. Likitar, wata yarinya sa'ar autata, ta haska ta ce bushewar ido ce. Na yi mata dariya, na ce ido yana ambaliya ki ce ya bushe? Ta ce ai bushewar ce take sa shi zubar da ruwan. Wai akwai wasu 'yan ƙofofin maiƙo a bakin fatar ido, in suka toshe sai fatar ta kumbura, idon ya bushe, ya yi ta tsiyayar da hawayen da ba sa tsinana masa komai. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce in riƙa ɗora tsumma mai ɗumi safe da yamma, in guji hayaƙi, kuma kada in kuskura in zauna fanka tana bugun fuskata.

Daga ta ce fanka, ban ƙara fahimtar abin da take faɗa ba. Wudil na tafi ina zaune a kujerar.

Kin tuna yadda muka yi zamanmu, ni da ke. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Kande, yayar Baba, ita ta riƙe ni. Ke kuwa kunyar ɗan fari ta hana ki ko kallona sosai. Ina ƙarami ni ne "wancan". Da na samu aikin akawu a birni na koma "mutumin Kano". Ina zaune a bakin ƙofarki, tsakanina da ke bai fi taku uku ba, sai ki juya wajen ƙanwata ki ce, "Talatu, tambayi mutumin Kano ko ya ci abinci." Mata su yi ta yabonki, wai Hansatu akwai alkunya. Ni ma har alfahari nake yi da ke, don wauta.

Ina makaranta ruwa ya ci Baba a wajen kamun kifi. Kina fita takaba kika ɗauki kasko kika kafa murhu a bakin gada. Tarwaɗa da ƙarfasa, tun hantsi har la'asar sakaliya, kanki a cikin hayaƙin ɗanyen itace, kina sallamar direbobi. Da wannan kaskon kika ciyar da gidan.

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Aka yi mana ƙarin albashi, kowa ya rikice. Manyan motocin siminti suka riƙa ketare gadarku ba dare ba rana, aka kafa turakun lantarki har unguwarku. Abokan aikina masu sayen rediyo na saye, masu ƙarin aure na yi. Ni babur na saya, sannan na saya miki fanka. Doguwa ce mai tsayuwa da ƙafarta, fukafukanta shuɗɗa, da maɓallai uku. Na ɗaure ta a bayan babur tun daga Kano, ina tafe ina waiwayenta har na iso. Maƙwabta suka cika tsakar gida suna kallo. Ke ba ki kalle ta ba, ba ki kalle ni ba. Bango kika kalla kika ce, "Allah Ya yi albarka." Ranar ban taka ƙasa ba don murna.

Daga nan duk Asabar ina hanya. Kuma duk Asabar abu ɗaya nake tararwa: kina zaune a tabarma, fanka a lamba uku, an kafe kanta saitin fuskarki ko juyawa ba ta yi. Fatar idonki ta kumbura har da ƙyar kike buɗewa, hawaye na gangarowa, kina sharewa da bakin mayafi. In gaishe ki, ki amsa ta bakin Talatu. Na so in tambaye ki abin da ke damunki, amma da wane bakin? Ba mu taɓa yin magana mai tsawon haka ba.

Gwaggo Kande ce ta fassara mini. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ba ka da ido ne? Duk zuwan da za ka yi sai uwarka ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kai ne kamannin marigayi sak, in ta gan ka shi take gani. In kana tausayinta, ka rage zuwa." Ta faɗa da tabbaci, kamar daga bakinki ta ji. Ban tambaye ta ko daga bakinki ta ji ba. Wadda ta goya ni ce, ban saba musu da ita ba.

Na rage. Daga Asabar na koma wata-wata, daga wata-wata sai Sallah. Ko a Sallar ma daga tsakar gida nake gaishe ki, kaina a sunkuye, in fice kamar wanda aka koro. Na tsayar da gemu don in rage kama da Baba. Sai aike: atamfa, shinkafa, rediyo, duk direban da zai bi ta Wudil sai na ɗora masa kaya. In ya dawo in tambaye shi yaya ya gan ki, ya ce, "Lafiya lau, sai dai idon nan nata har yanzu a kumbure." Sai in ce a raina ashe ciwon bai warke ba, bari in ƙara nesa. Shekara biyar ina tausaya miki daga nesa, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba. Ranar da saƙon Talatu ya same ni a ofis, na iso an riga an fito da ke.

Fiye da shekara arba'in ina yawo da wannan a ƙirjina, cewa fuskata ce take sa uwata kuka. Ko madubi ba na son daɗewa a gabansa.

Washegarin ganin likita na tafi Utai wajen Talatu. Ta tsufa, Inna, har ta fi ki shekaru yanzu. Tana ganin idona ta kwashe da dariya ta ce, "Yaya, ai irin na Inna ne. Hayaƙin kifi ya fara mata, fankarka ta ƙarasa." Ta faɗa kamar tana ba da labarin farashin gero. Ashe ta sani. Ashe ke ma kin sani.

Ita ta ba ni sauran. Wai duk tsawon mako fankar a lulluɓe take da tsohon zane a lungun ɗaki. Safe da yamma kina ɗiban ruwan ɗumi daga murhu, ki tsoma tsumma ki ɗora a idonki, ki goge bakin fatar a hankali. Kafin Laraba kumburin ya saɓe, har ki zizara kwalli. Ranar Asabar kuwa ana idar da azahar sai ki bar kasko, ki yaye zanen, ki ja tabarma gabanta ki zauna. Talatu ta ce ta sha ce miki ki kashe, ko ki matsa gefe, sai ki ce, "Ya ɗauko ta tun daga Kano a bayan babur, ya zo ya tarar da ita a rufe?"

Na tambaye ta, to da na daina zuwa fa? Ta ce ba Asabar ɗin da kika fasa, wai kada in faɗo ba zato. Ke nan idon da direbobi suke gani a kumbure, wanda ya sa na ƙara nesa, ni ake jira da shi. Na ce mata don me ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Ni yarinya ce lokacin, kuma wa ya tambaye ni?" Sannan ta faɗi abin da ya fi ƙona mini rai. Wai da mata suka tambaye ki ina nake, cewa kika yi, "Mutumin Kano ya zama babban mutum, ƙarnin kifi yana damunsa."

Haba Inna! Ni? Ni da ƙarnin kifin nan ya saya wa allo da littafi? Kin zauna shekara biyar kina zaton ƙyamarki nake, na zauna shekara biyar ina zaton ganina ne ba kya so, a kan fanka. Magana ɗaya tak ta isa. Ko ta bakin Talatun ce, yadda kike tambayar ko na ci abinci: gaya wa mutumin Kano iskar nan tana cin idona. Wallahi da a ranar zan jefa ta kogi, in zauna ina yi miki fifita da mafici har hannuna ya sage. Kin iya ƙona idonki saboda ni duk mako, amma ba ki iya buɗe baki ki yi mini magana ba. Wannan wace irin kunya ce? Wa ta amfana? Matan da suke yabonki, ko ɗayarsu ba ta rasa ɗanta a kanta ba.

Gwaggo Kande ma ina da magana da ita, Allah Ya jiƙanta. Ta ga hawaye ta yanke hukunci, ba ta taka ta tambaye ki ba, alhali ita ba kunyarki take ji ba. Ban sani ba ko tausayinki ne, ko kuwa ba ta so ɗan da ta raina ya koma wa mai shi. Na bar ta da Allah. Amma wanda na fi jin haushi ni ne. Ina akawu, aikina ke nan bin takarda layi-layi don kada kuskure ya wuce, sai ga shi an ba ni labarin uwata na sa hannu ban duba ba.

Yanzu abin da kike yi nake yi. Da safe matata ta kawo ruwan ɗumi, in tsoma tsumma in matse in ɗora, in rufe ido ina lissafin numfashi har ya huce. In goge bakin fatar, in ɗiga magani. Fankar ɗakina na juya ta tana kallon bango. Kumburin yana saɓewa, ba laifi. Sai dai duk sanda ɗumin ya sauka a idona, ke nake gani a tsugune gaban murhu kina gyara idonki don ki sake ɓata shi ranar Asabar. A nan fushin yake gagarata.

Ranar nan a Utai, har na miƙe zan tafi Talatu ta riƙe mini riga, ta ce akwai saura. Wai Asabar ɗin ƙarshe, kina kwance ba kya iya tashi, da aka kira azahar kika buɗe ido kika ce, "Talatu, kunna fankar Habu." Ta ce kwanon da ke hannunta sai da ya faɗi, don tun da take ba ta taɓa jin sunan a bakinki ba.

Sau ɗaya kika faɗe shi a duniya, Inna, kuma ba na nan. Ina Kano ina tausaya miki.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya idanunki da abin da ba ya cutarwa. Ya yafe wa Gwaggo, Ya yafe mini. Ya haɗa mu a inda ba kunya tsakanin uwa da ɗa. In mun haɗu, kada ki nemi Talatu. Ki kalle ni, ki kira ni, zan amsa.

Ɗanki na fari,
Habu